Bindigar Yaya Mijinyawa

Ni ce na karanta wasiƙar, ni ce kuma na rubuta amsa. Gara in faɗa tun da wuri, kada a ci gaba da ɗora wa mamaci. Shekara hamsin da ɗoriya ke nan mutanen Madadi suna cewa taurin kan Malam Datti ne ya jawo abin da ya faru, wasu su ce ai boko ne. To, su sha kuruminsu. Ni da nake tsakar gidan ranar, na san inda aka yi ɓatan kai.

Sunana Altine, Malam Datti mahaifina ne. Kakanninmu makiyaya ne, shi ne ya fara kafa gida ya zauna wuri ɗaya a Madadi, yana noman gyada da dawa, da 'yan shanunsa da ya ƙi rabuwa da su ko ana ha-maza-ha-mata. Mu biyu muka rayu a ɗakin mahaifiyarmu Inna Yelwa: Yaya Mijinyawa ne ɗan fari, sai ni bayan shekara shida. Kun san kunyar ɗan fari a wajenmu. Tunda nake ban taɓa jin Baba ya kama sunansa ba. "Wancan" yake ce masa, in ransa ya yi fari ya ce "mutumin". Amma shi ya koya masa karatun allo da rubutun ajami da hannunsa, shi yake tafiya da shi kiwo, kuma in Yaya ya yi tari a ɗaki, Baba ne farkon wanda zai ajiye cokali.

Da aka zo ɗibar yara makarantar elemantare ta Gwarzo, aka haɗa da Yaya. Daga Gwarzo sai Kano, daga Kano sai Zariya, daga nan muka ji wai an tura shi Ingila karatun kimiyya. Baba bai hana ba. Abu ɗaya ne kawai a duniya ya yi rantsuwa a kansa, kowa a garin ya san shi.

Yana da ƙane, Baffa Baƙo, wanda aka ɗiba soja lokacin yaƙin Bama, wato yaƙin duniya na biyu. Baba ne ya raka shi har bakin mota a Gwarzo. Can ya rasu, abin da ya dawo mana shi ne bargo guda da wani ƙarfe mai igiya, wai lambar yabo. Tun daga ranar Baba ya ce duk wanda ya fito daga jikinsa ya ɗauki bindiga, ba shi ba shi, duniya da lahira. Ko maharbi ne ya zo neman ruwan sha, sai ya jingine bindigarsa a bayan danga kafin ya shigo zaure.

Wasiƙar ta zo ne a shekara ta biyu da fara yaƙin basasa, lokacin da kowace uwa take kwana da fargaba saboda samari suna ta shiga soja. Ni ina aure a Kabo. Na yi ajin yaƙi da jahilci har an ba ni takardar shaida, kuma ba zan ɓoye muku ba, ina ji da karatuna kamar ni na ƙirƙiro shi. Maigidana ya karɓo wasiƙar daga gidan waya na Gwarzo, washegari na saɓa mayafi sai Madadi.

Kaka ce, an cire gyada. Na tarar da tsakar gida cike da ita, mata sun kewaye tarin suna tsinka, harawa gefe guda. Baba yana kan buzunsa a gindin darbejiya yana gyaran igiyar shanu, ya juya mana rabin baya, wai shi ba saurare yake ba. Na zauna kan turmi, na gyara murya, na buɗe ambulan. Takarda biyu ce a ciki. Na ɗauki ta sama, ta boko, na ɗaga murya yadda har matan maƙwabta za su ji cewa Altine ta iya.

Bayan gaisuwa mai tsawo, da tambayar shanu ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, sai ya ce: "Ku taya ni murna. An ba ni ɗakin gwaji nawa. Shekara guda na yi ina haɗa bindiga da hannuna, yanzu ta fara aiki. Bindigar lantarki ake ce mata. Kullum daga safe har yamma harbi nake yi, ina ƙirga waɗanda suka watse ta kowace kusurwa."

Wallahi sai da na kai ƙarshen layin sannan na ji abin da bakina ya faɗa. Hannuwan matan suka tsaya cak a kan gyada. Baba ya ajiye igiyar a hankali, ya tashi, ya kakkaɓe buzunsa, ya fita.

Inna ta ce, "Ƙarasa, 'yar nan."

Saura layi ɗaya. "Ɗaya takardar ta Baba ce, a ba shi a hannunsa."

Inna ta karɓe ta ta warware. Bisimilla ce a sama, da rubutun ajami ƙanana ƙanana, a ƙasa kuma ga wani zane: da'ira, da ɗigo a tsakiya, da layuka sun fito daga ɗigon ta kowane gefe, kowane layi da 'yan lambobi a bakinsa. Ta dafe ƙirji.

"Hatimi ne! Allah sarki, yaron nan. Yana can cikin wuta amma ubansa yake nema wa tsari."

Na miƙa hannu in duba, ta doke shi. "Ke! Ba a karanta laya, karyewa take yi. Ba ki ji ya ce a hannunsa ba? Kambu ne, na ɗaurawa a damtse."

Ni kuwa karatun allona bai yi nisa ba, ajami sai in yi ta haɗa baƙi kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa, ga shi ranar ba na salla. Ban yi gardama ba. Kai, ni da nake gardama da kowa a kan komai, ranar ce kaɗai na yi shiru! Inna ta naɗe takardar, ta bayar aka kai wa Nata'ala baduku a Gwarzo, ya ɗinke ta cikin jar fata ba tare da ya duba ba, kamar yadda aka saba. Ta jefa kambun a ƙasan kwallarta, tana jiran ranar da zuciyar Baba za ta sauko.

Da safe Baba ya kira ni zaure. A tsaye yake, yana kallon waje.

"Ɗauko alƙalaminki. Ki ce wa wancan ya ajiye bindiga ya dawo gida. In ya ƙi, kada takardarsa ta sake shigo mini gida, kuma ya san rantsuwata."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Amma ni a aji an koya mana cewa wasiƙa ba ta farawa haka gatsau, sai an yi mata shimfiɗa. Don haka na rubuta a sama, da kyakkyawan rubutuna: "Saƙonka ya iso. Baba ya gani duka, ya kuma fahimta duka." Sannan na sa maganarsa a ƙasa. Na karanta wa kaina sau biyu, na ji daɗin yadda ta tsaru.

Bayan wata ɗaya da rabi amsa ta zo mini Kabo, gajeriya. Ya ce, "Altine, ba bindigar kisa ba ce. Ba ta kai tsawon ludayi ba, tana cikin wata tukunyar ƙarfe da aka zuƙe iskar cikinta. Na yi wa Baba bayani iyakar iyawata. Tunda ya gani ya fahimta kuma ya ƙi, ba ni da bakin ƙarawa, ba zan yi jayayya da shi ba. Saura wata goma in gama awo. In na kashe injin na taho yanzu, aikin shekara biyu ya tashi a banza. Ki roƙar mini shi ya yi haƙuri har in zo."

Na ɗauka bayanin da yake nufi shi ne wanda na karanta a tsakar gida. Har na ce a raina, wannan ne iyakar iyawar taka, Yaya? Duk da haka na je Madadi na sami Baba yana ba shanu harawa, na durƙusa na ce masa ba ta kisa ba ce.

Ya ce, "Wadda ba ta kisa, wa ya raɗa mata suna bindiga?"

Na ce, "Turawa ne, Baba."

"Su ne dai suka ce mini Baƙo gadi kawai zai je yi."

Nan zuciyata ta ɗebe ni, halin nawa. Na ce masa shi bai san komai a kan boko ba, me zai hana ya saurari waɗanda suka sani. Ya dube ni sau ɗaya, ya ce in tashi in ba shi wuri. Na tashi kuwa fuu, na yi wata uku ban taka Madadi ba. Ina jin kunyar wannan har gobe.

Rani ya wuce, aka yi shuka. Damina na tsakiya, gyada ta fara fure, aka aiko mini Baba ba lafiya. Ciwon ciki ne da ya ƙi jin magani, ya rame har wuyan rigarsa yana zamewa. Inna ta ciro kambun ta ɗaura masa a damtsen hagu yana barci. Da ya farka ya tambayi daga ina, ta yi ta kewaye-kewaye, sai a rana ta uku ta ce, "Mutumin ne ya aiko maka, tun bara."

Muka zuba ido mu ga ya tsinke shi ya yar. Bai tsinke ba. Amma sau da yawa in na shigo da kunu sai in tarar ya sa babban yatsansa yana shafa fatar, in ya ji motsina ya janye hannu.

Wata rana da hantsi ina yi masa fifita, ya yi magana ba tare da ya buɗe ido ba.

"Ni na koya masa rubutu kafin Nasara su koya masa nasu. In da gaskiya gare shi, da ya rubuto mini da hannunsa, da rubutunmu, in karanta da idona. Sai ya aiko mini ta bakin yarinya."

Kun ji fa. Rubutun yana ɗaure a damtsensa yana wannan magana, ni kuma ina zaune dab da shi. Da mai hankali ce, da nan take ta tuna. Ni abin da na ji kawai shi ne "bakin yarinya". Ni ce yarinyar? Ni da 'ya'ya uku da takardar shaida? Na kumbura, na yi mako guda cur kafin na zauna na rubuta wa Yaya cewa jikin Baba ya yi tsanani, ga kuma abin da ya ce.

Wasiƙa tana yin mako uku a hanya. Ranar da ta isa hannunsa ya kashe injin, ya bar awon saura kusurwa huɗu, ya nemi jirgi. Ya sauka Kano, ya hau motar gyada da ta dawo wayam zuwa Gwarzo, ya ƙaraso Madadi a ƙafa da la'asar, takalmansa duk taɓo. Kwana biyar ke nan da binne Baba.

Tun daga bakin gari aka tare shi da gaisuwa, don haka ya sani kafin ya shigo. Ya zauna a zaure ya karɓi ta'aziyyar maza yadda ya kamata, bai yi kuka ba. Sai da mutane suka ragu ya shigo tsakar gida, ya durƙusa gaban Inna. Ita kuma ta kau da kai, don ko a ranar ba za ta dubi ɗan fari ido cikin ido ba. Bayan sun gaisa ya juyo wajena.

"Altine, ina takarda ta biyu?"

Na ce, "Wace takarda?"

"Ta ajami. Wadda na ce a ba Baba a hannunsa."

Inna ta ce, "Ai an ba shi. Da ita ya cika. Masu wanka ne suka kwance ta." Ta jawo kwalla ta ciro kambun, fatar ta yi baƙi a gefe ɗaya saboda shafa.

Yaya ya karɓa yana juya shi. Na ga lokacin da ya gane, don ya daina juya shi, ya tsaya cak. Ni ma a lokacin na gane, na zauna daɓas a ƙasa. Ya ce a ba shi reza. Ya farke ɗinkin Nata'ala a hankali, ya warware takardar, ta yi laushi da gumi amma rubutun yana nan. Ya tashi ya je gindin darbejiya inda Baba yake shimfiɗa buzu, ya tsuguna a gefen wurin, ba a kansa ba, ya karanta da ƙarfi kamar mai gidan yana zaune.

"Baba, ka tuna ranar da muka kora shanu cikin gamba a fadamar Jama'a, suka rabu biyu suna kaucewa, ka riƙe kafaɗata ka ce akwai abu a ciyawar nan? Na ce ban ga komai ba. Ka ce ba shi zan duba ba, shanun zan duba, yadda suka karkata shi zai gaya mini girmansa da inda yake kwance. Muka zagaya muka tarar da mesa.

"To, aikina ke nan. Akwai wata iska, ita ce mafi rashin nauyi cikin halittar Allah, ana ce mata haidurojin. Ƙwayar zarrarta babu idon da zai gan ta, babu madubin da zai nuna ta. Sai in koro mata garken ƙwayoyin lantarki su bi ta kusa da ita. Yawancinsu su wuce kai tsaye, wasu su karkata kaɗan, 'yan ƙalilan su juyo baya. Ni kuma in zagaya da ma'auni, kusurwa bayan kusurwa, ina ƙirga nawa suka bi nan, nawa suka bi can. Daga nan ake sanin yadda Allah ya gina ta. Zanen da ke ƙasa shi ne wurin: ɗigon tsakiya ita ce, layukan hanyoyin da garken ya bi ne.

"Ɗan bututun da yake koro su shi Turawa suke kira bindiga, don ba su da shanu. Da ni aka ba raɗin suna, da burtali zan ce masa. Bai taɓa kashe ko ƙuda ba. Na san rantsuwarka a kan Baffa Baƙo, ban manta ba, ba kuma zan manta ba. Kiwo nake yi, Baba, irin wanda ka koya mini. Ka sa mini albarka."

Wata saniya ta yi kuka a bayan gida. Inna ta ja mayafi ta rufe fuskarta gaba ɗaya, kafaɗunta suna girgiza, tana cewa, "Ni na ɗinke masa baki. Ni na ɗinke."

Yaya ya ce, "Inna, kafin ya cika, ya ce wani abu a kaina?"

Ta ce, "Bai cire kambun ba. Hannunsa na dama yana kai har ya tafi."

"Na ji. Amma ya janye maganar?"

Wayyo, da ni aka tambaya da na yi ƙarya, Allah ya yafe mini daga baya. Amma Inna ba ta iya ba. Ta ce, "Bai ce ba."

Ya gyaɗa kai. Ya naɗe takardar bisa tsohon naɗinta ya sa a aljihun gaba. A nan ne ya yi kukan, ba sauti, hawaye kawai suna sauka cikin gemunsa, yana kallon wurin buzun.

Bayan sadakar bakwai zan koma Kabo, ya ce zai taka mini. Muka bi burtali tsakanin gonakin gyada, ganye ya rufe ƙasa shar, irin damina da Baba yake so. Mun yi nisa. Sai ya tsaya, ya ciro wata takarda daga aljihu. Na gane rubutuna tun daga nesa. Ashe duk watannin nan tana tare da shi.

"Altine, abu ɗaya zan tambaye ki. Kullum in na shiga ɗakin gwaji sai na karanta layin nan. Sau uku ina ɗaukar alƙalami in sake rubuta masa da ajami, sai in tuna an ce ya gani duka ya fahimta duka, in ajiye. Wannan 'duka' ɗin, Baba ne ya faɗa?"

Na ce, "A'a, Yaya. Ni na ƙara."

"Don me?"

"Don wasiƙar ta yi kyau."

Ya daɗe yana duban takardar. Sannan ya ninke ta, ya kamo hannuna ya sa mini a ciki, ya rufe yatsuna a kanta.

"Ta yi kyau kuwa," ya ce.

Ya juya ya koma Madadi. Ya rayu shekara talatin da ɗaya bayan wannan, yana koyarwa, yana zuwa mini Kabo duk salla da goro da turmin atamfa, bai sake tayar da maganar ba ko sau ɗaya. Da ma ya zage ni.